Ranar da Surukina Ya So Buɗe Baƙin Akwati

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in ɗauki biro. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in rubuta wani abu ba daidai ba game da na'urar da aka ba ni amana, wani ya karanta ya yi aiki da kuskurena. Sai da na yi wa kaina alkawarin ba zan faɗi komai ba sai abin da hannuna ya yi da abin da idona ya gani, sannan na zauna.

Ni maigadi ne a wani ɗaki da ke bayan gari, gefen hanyar da ta tashi daga Daura zuwa Kongolam. Wata malamar jami'a ce ta kama wurin ta kafa na'urarta: baƙin akwati mai tsawon gado, da kwamfuta a kan tebur, da batura da sola ke cikawa. Ta ce mini akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da ke saukowa daga sararin sama, suna ratsa kwano da siminti da jikin mutum ba a ji. Cikin akwatin akwai faranti biyu masu ɗan ƙyalli in ƙwayar ta ratsa su, da kwalabe biyu na gilashi, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, da ke hango ƙyallin. Ni idanu nake ce wa kwalaben. Ƙirgen da suke yi shi ne dukan binciken digirinta, ta sha jira kafin su iso daga ƙasar waje, kuma ba ta da wasu.

Da ta lura ba na kulle ƙofa sai na dawo na sake girgiza ta, sai ta ce irina take nema, ta koya mini aikin. Idanun ba sa gani sai an ba su wuta mai ƙarfi, wadda ta ninka ta gida nesa ba kusa ba. Ba makunni ake dannawa ba, a kwamfuta ake yi. Kowane ido da layinsa: lambar da ake so a kai, lambar da ake a yanzu, da ta uku mai nuna yawan wutar da idon ke sha. In an danna hawa, lambar ta rinƙa tafiya sannu sannu kamar tsoho a kan tudu. Saukowa ma haka. Ba a zare waya. Doka ɗaya kuwa ta yi ta nanatawa: muddin wuta na sama, haske ya shiga akwatin, idanun sun ƙone, ko da na ashana ne.

Na iya aikin, ba na jin nauyin faɗin haka. Da damina laima kan sa manhajar ta yanke wutar da kanta, layin ya koma ja. In kira Malama a Katsina, in jira wurin ya sha iska, in sake hawa da shi.

Wata ranar kasuwar Mai'adua, da la'asar, sai ga surukina, mahaifin matata. Dillalin shanu ne, mutumin da ba ya yarda da sa sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙora. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa kallon ƙwayar idonsa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, balle in ce masa a'a. Muka gaisa a waje, ya cire takalmi ya shige ɗakin.

"Ina akwatin da aka ce yana ƙirga ruwan da ba ya jiƙa mutum?"

Kafin in buɗe baki ya ɗora hannu a kan sakatar akwatin. Lokacin sakata kawai ke riƙe da murfin. Taga a buɗe, rana ta cika ɗakin, layuka biyun kuma suna can ƙololuwa.

In ce a kulle yake, ƙarya ce, sakatar ma tana ƙarƙashin hannunsa. In ce "kada ka taɓa", harshena ya ƙi ɗaukar kalmar. Sai na durƙusa a gindin tebur, na miƙa hannu na danna sauka, na ce, "Baba, barka da la'asar. An zo lafiya?"

Dattijo ba ya barin gaisuwa a ƙasa. Ya juyo.

"Lafiya lau. Ai mun gaisa a waje."

"Ya mutanen gida? Ya Inna da ƙafa?"

"Da sauƙi, alhamdulillahi."

"Jan bijimin nan mai karyayyen ƙaho fa, an rabu da shi?"

Nan na same shi. Ya saki sakatar, ya zauna a benci, ya shiga ba ni labarin wani mai saye daga ƙetaren iyaka da ya zagaye bijimin yana kushe shi tun daga ƙaho har jela, ya tafi, ya dawo yana roƙo. Ni kuwa fuskata na gefe, kamar yadda ya kamaci suruki, gefen kuma shi ne inda kwamfutar take. Lambar na sauka, ina cewa "Allah Sarki", ina cewa "ikon Allah".

Ya gama ya miƙe, saura ido na ƙasa bai kai sifili ba.

"Baba, ya geron gonar Baure?"

"Kai, ɗan nan! Yau gaisuwarka ta fi ta mai neman aure tsawo. Ka riga ka samu matar, me kuma ya rage?"

Duk da haka ya amsa, har ya yi ƙorafin tsuntsaye. Na kawo masa ruwa a kofi, na jira ya sha. Layuka biyun suka tsaya a sifili. Na ƙara jira kaɗan, don Malama ta ce wutar kan ɗan maƙale. Na rufe taga, na tura ƙofa, na rataya bargona a kan tsagar da ta rage. Sannan na ce, "Bismillah, Baba," na ɗaga murfin da kaina gwargwadon tafin hannu.

Ya leƙa, ya daɗe yana ƙifta ido cikin duhu.

"Shi ke nan? Faranti biyu da kwalabe? Ko motsi ba sa yi!"

Ya tafi yana cewa gara shanu, su in an buɗe baki ana ganin wani abu.

Bai kai bakin titi ba na kira Malama na faɗa mata komai. Ta ce, "Malam, da idonka ka ga sifili?" Na ce da idona. Ta ce in bar su su huta cikin duhu sai gobe. Washegari na hau da wutar. Lamba ta uku ta fi yadda na saba gani, tana ta rawa. Na zauna gabanta ban tashi ba sai salla. Kafin azahar ta kwanta, ƙirgen ya dawo yadda yake. Da Malama ta zo ta sa na maimaita mata gaisuwar, ta yi dariya har da hawaye. Ta sa wa akwatin kwaɗo, ta tafi da mabuɗin Katsina, ta ce, "Yanzu in ka ce ba ya hannunka, gaskiya ka faɗa."

Idanun na nan suna ƙirge har yau. Sai dai na ƙasan, in an yi ruwa, yakan sha wuta fiye da ɗan'uwansa kaɗan. Malama ta ce laima ce, na kuma yarda da ita, amma ita ma ta ce waɗannan biyun kaɗai ta taɓa riƙewa tsawon lokaci. Don haka in cikin masu karatu akwai wanda ya yi shekaru yana kula da irin waɗannan kwalabe, ina roƙonsa ya aiko mini ta hannun wanda ya kawo masa rubutun nan: wadda ta taɓa ganin ɗan haske wuta na sifili, tana riga 'yar'uwarta tsufa? Ya faɗa mini wane irin haske ta gani, da yadda ta kasance daga baya.