Littattafan Baba Saja da Hatimin Aro

Cikin shekarun da na yi ina aiki a ɗakin karatu na jama'a a Zuru, ban taɓa mantawa da wata Talata ta tsakiyar damina ba. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci, ni ke teburin aro.

Sai na fara da ƙa'ida, don sababbi su gane. Kowane littafi yana da takarda manne a bangon ciki. Wanda ya ara, mu buga hatimin kwanan wata a kanta. Idan za a rage kaya, wannan takarda ake dubawa. Littafin da ya shekara biyar ba hatimi, an ɗauka ba mai bukatarsa, sai a ɗaure shi a kai sito. Wanda ya shiga sito kuwa, ban taɓa ganin ya dawo ba.

Muna da wani mai karatu, Saja Bawa, tsohon soja, Badakkare, muna ce masa Baba Saja. Ƙarfe tara yake jingine kekensa a gindin mangwaro, ya wuce kanta ta ƙarshe. Littattafan tattalin arziki yake karantawa, da na raya karkara, da na ƙungiyoyin gama-kai, da na al'adun ƙabilu. Da yatsa yake bin layi. Yakan sa tsinken tsintsiya inda ya tsaya, ni kuma duk Juma'a in bi in zare in zubar, domin doka ta hana. Na yi masa faɗa sau uku. Ya ce to, ya ci gaba.

Ran nan shugabarmu ta zo daga Birnin Kebbi, wata Hajiya mai gilashi. Ta bi kantoci ɗaya bayan ɗaya. Da ta kai ta ƙarshe, ta fitar da littafi ashirin da biyu, duk ba hatimi, ta ce in kawo igiya.

Baba Saja ya miƙe ya ƙame.

"Ranki ya daɗe, ina za a kai su?"

"Sito, Baba. Ba mai karanta su."

"Ni fa? Ni ba mutum ba ne?"

Ta juyo wurina ta tambayi shaida. A nan na ji kunya. Tsinkayen nan su ne shaidar, kuma da hannuna na zubar da su. Na faɗa mata haka, ban ɓoye ba.

Ta ce, "To Baba, me ya hana ka ara?"

"Ɗakina yana yoyo, ga gara. Kayan gwamnati ba zai kwana can ba. Haka aka koya mana a bariki."

Ta ɗauki ɗaya, ta tambaye shi abin da ke ciki.

Ya ce, "Wannan na gama-kai ne. Mai littafin ya sha wahala kafin ya gano abin da kakana ya sani. Mu da golmo muka tashi, samari su haɗu su nome gonar surukin ɗayansu, gobe a koma ta wani. Sai dai shi ya san abin da ba mu sani ba: yadda za a riƙe dawa a rumbu ɗaya har ta yi daraja, maimakon kowa ya zubar da tasa a kasuwa da kaka. Saura babi biyu in gama. Mutanen ƙauyenmu suna jira in kai musu."

Hajiya ta rufe littafin. Sannan ta ce, "Ba ni da ikon canza ƙa'ida. Zan je Mahuta, in dawo bayan la'asar. Littafin da na tarar ba hatimi, zai tafi." Ta dube ni ta saman gilashi, ta fita.

Na gane. Amma ban yarda in zauna in buga hatimin ƙarya ba. Ga yadda muka yi. Na farko, na buɗe masa katin aro. Na biyu, doka ta ce littafi biyu ake ba mutum a lokaci guda, kuma sai ya fita da su daga ginin. Saboda haka in buga hatimi, ya sa biyu cikin riga saboda yayyafi, ya taka har gindin mangwaro, ya juya irin ta soja, ya dawo, in karɓa in rubuta. Sau goma sha ɗaya. A zuwa na takwas gwiwarsa ta fara ciwo, na kawo kujera.

Ya ce, "Akawu, bar ta. Ban taɓa zama a tsakiyar fareti ba."

Da Hajiya ta dawo, ta buɗe su duka, ta ga tawada ko bushewa ba ta yi ba. Ta ce, "Mayar da su kanta."

Abin da na koya shi ne, hatimi yana nuna littafin da ya fita ne kawai, bai san wanda aka zauna aka karanta ba. Washegari na ajiye rajista ta masu karatu a ciki, har yau ana amfani da ita. Tsinke kuwa har yanzu doka ta hana. Na yanka masa kwali ashirin da biyu na sa alama a maimakon tsinke, na ba shi. Ya karɓa ya yi godiya, ya sa a aljihu. Da Juma'a ta zo na tarar da tsinke a babi na ƙarshe, na rufe littafin na bar shi a ciki.