Kukan Maman Lucky

A unguwar nan ta bakin kanal ɗin ban-ruwa, hanyar Bunkure, in ka ce Phoebe ba wanda zai gane wa kake nufi. Ka ce Maman Lucky, yanzu a nuna maka ƙofarta. Tana amarya mijinta Nathaniel ya kawo ta daga wani ƙauye a bayan Pankshin, shi yana gyaran injin ban-ruwa, ita tana suyar awara a bakin titi. Nan ta haihu, nan ta yi furfura. Hausarta kuwa, in ba ranar Lahadi ka gan ta za ta coci ba, sai ka rantse 'yar Kura ce.

Abin da aka fi saninta da shi gidan rasuwa. Kafin maza su dawo daga maƙabarta, ta riga ta ɗora babbar tukunyarta. Ita ce hura wuta, ita ce dakan gumba, ita ce riƙe matar mamaci in kuka ya ci ƙarfinta. Maƙwabciyarta Indo har tsokanarta take yi: "Ke dai Maman Lucky, da ke da tukunyar nan ban san wadda ta fi zumunci ba."

Ana tsakiyar ɗiban tumatir Nathaniel ya yanke jiki ya faɗi a gonar wani, sifana a hannunsa. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Unguwa ta yi mata kara, ba ƙarya. Aka shimfiɗa tabarmi, maza a waje, mata a ciki, kwanukan abinci har ba wurin ajiyewa. Kowa ya shigo sai ya tambaya, "Yaushe za a kai shi?" Ita so ta yi a binne shi nan kusa, inda za ta riƙa leƙa shi. Amma yayyensa suka bugo waya suka ce gawa ta dangi ce, a ajiye shi a mutuware a Kano sai 'yan'uwa sun hallara, an ɗinka anko. To ina kuka zai zo? Mutum yana kwance a firji, ita tana zarya tsakanin Kano da gida, waya manne a kunne. Mata na ce mata "Ya haƙuri?" tana amsawa da busasshen ido. Ranar uku, kamar yadda aka saba, aka naɗe tabarmi kowa ya koma gonarsa.

Sai da aka kusa wata guda sannan aka tafi da shi gida. An yi waƙoƙi, an yi kiɗa, an ci an sha, ba abin da aka rage. Sai dai mutanen can yaron da ya bar ƙauyen suka sani, ba dattijon da ya mutu ba. Wanda ya karanta tarihinsa ko injin ɗaya bai ambata ba. Ita kuma "matarmu ta Kano" suke ce mata, suka ba ta kujerar roba a ƙarƙashin rumfa kamar baƙuwa. Yarenta ma ya yi mata nauyi a baki. Ta danne zuciyarta ta ce, bari in koma cikin waɗanda suka san shi, can zan yi kukana. Daga wurin biso ɗanta Lucky ya wuce Abuja bakin aikinsa, ta hau mota ita kaɗai.

Washegarin dawowarta ta share tsakar gida, ta shimfiɗa tabarma, ta bar ƙofa a buɗe. Masu wucewa da kwandunan tumatir sai su ɗaga murya: "Maman Lucky, sannu da hanya! Kin dawo lafiya?" Su wuce. Ba mugunta ba ce, wallahi. Su a wurinsu an yi makokin Nathaniel an gama tuntuni. Amma abin ya yi mata ciwo, ciwo mai tsanani. Ta wuni tana kallon takalmansa na roba a bayan ƙofa, da busasshen taɓo a jikinsu.

Da la'asar ta ji sallamar Indo, ta yi murna, har ta gyara mata wuri a tabarmar. Indo ko zama ba ta yi ba.

"Ashe kin dawo! Allah ya kawo ki a kan gaɓa. Tsohuwar gidan Badamasi ta cika ɗazu, maza ɗauko tukunya mu je."

Maman Lucky ta dubi tabarmarta. Ta naɗe ta, ta jingine, ta ɗauki tukunya.

A gidan Badamasi ta hura wuta kamar kullum. Da ta shiga ɗaki yin gaisuwa ta tarar da mata jere, an matsa mata ta zauna. Wata a gefenta ta soma shessheƙa. Shi ke nan, abin da ta riƙe tun daga gonar nan ya ɓalle. Ta kifa kai a gwiwa ta yi kuka, kuka na gaske. Hannuwa suka yi ta dafa bayanta, ana cewa ta yi haƙuri, ta yi haƙuri.

"Allah sarki," in ji Indo, tana share mata fuska da gefen mayafi. "Ashe haka kika shaƙu da tsohuwar nan?"

Maman Lucky ta gyaɗa kai, ta ci gaba da kukanta.