Geron Wa Jan-baki Ke Ci?

A ƙauyenmu da ke kusa da Baturiya, idan gero ya fara nuna, yara ba su da aikin da ya wuce korar jan-baki, ƙananan tsuntsayen nan da ke sauka gona kamar hayaƙi. Da yamma sai mu kewaye murhun kakata, Iya Talatu, muryoyinmu duk sun dushe.

Wata Lahadi aka karanta mana a majami'a cewa mu lura da tsuntsaye, ba sa noma, amma Allah na ciyar da su. Na dawo ina huci.

"Iya, da geronmu fa yake ciyar da su."

"Mijina sarkin ƙorafi," ta ce, tana gyara itace. "Matso, ga wani labari yana tafe."

Ta ce a zamanin kakarta, tun ba a ga Bature a Haɗeja ba, an yi wani manomi Jatau. Jan-baki suka cinye gonarsa tas, ga iyali, ga rumbu wayam. Haushi ya sa ya bi su da sanda har makwancinsu cikin ciyawar bakin kogi. Ya tarar da su jingim, ciyawa har ta rusuna. Sai ya koma gida ya ɗauko komar kamun kifi, ya rufe su da ita, ya kama da yawa. Aka soya, aka shanya, da naman nan suka kai lokacin kamun kifi.

"Geron ya dawo?" na tambaya.

"Ina fa."

"To an cuce shi ke nan."

"Sun ci nasa, ya ci su. Kai da ke zuwa makaranta, gaya mini wa aka ciyar."

Na nace ta faɗi darasin, ta ce barci take ji. Na kwana da takaici, kuma ina jin bai gama sakina ba.

Yanzu na girma, na yi digiri a fannin noma, ina kuma koya wa yara a majami'a. Bana jan-baki suka gama da shinkafar mutane da dama, sai ga karatun nan ya zagayo. Na so in tsallake shi, na ga bai dace ba. Ina gama karantawa wata yarinya, Rahila, wadda gonar babanta ta tafi, ta ɗaga hannu.

"Malam, mu kuma wa zai ciyar da mu?"

Na fara cewa wataƙila, ta wani fannin, ana iya fahimtar abin da... sai na ji kunyar kaina. Na ba ta labarin Jatau yadda na ji shi, ban ƙara komai ba.

"Geron ya dawo?" ta ce.

"Bai dawo ba."

Ta ɓata rai, irin yadda na ɓata. Ban tabbata na amsa mata ba. Amma da aka tashi na ji tana tambayar babanta ko komarsu tana nan.