Gyaran Gwaggo a Kwandon Intanet

Shekarar da kuran, wato lantarki, ya yi ta ɗaukewa a Maraɗi, na buɗe wa gwaggota shagon ƙuli-ƙuli a intanet. Mai saye zai taɓa wayarsa, wayar ta aika saƙo ga na'urar da ke riƙe da shagon, ita kuma ta jefa masa kaya a kwando.

Gwaggo ta leƙa ta ce, "Ina gyara? So kake 'yan Sabon Gari su ce na koyi rowa?"

Sai na umarci na'urar, duk saƙon da ya shigo ta ƙara ƙuli uku kyauta. Na manta cewa in rezo, wato sabis na waya, ya yanke, waya sake aikawa take yi, ta sake, ta kuma.

Wata mata a Jiratawa ta sayi leda ɗaya. Gyaranta ya cika buhu.

Na ce kuskure ne, bari in goge. Gwaggo ta harare ni. "Kai, ɗan nan! Abin da ya shiga kwandon mutum za ka fiddo? Ɗaura wa ɗan kabu-kabu ya kai mata."

Kafin sati, matan Jiratawa sun gano gindin tsamiyar da rezo ya fi lalacewa. Can suke shimfiɗa tabarma su yi sayayya.