Raƙuma Goma Ba Akala

Jiryis Abu Salama ya tsufa yana fasa duwatsu masu launi a Madaba, yana jera su ƙwaya-ƙwaya har su zama hoto. A kife ake aikin. Ana manna fuskar kowane dutse a jikin ƙyalle, sai ranar da aka juya shi kan siminti aka ɓare ƙyallen sannan a ga abin da hannu ya yi. Tun yana saurayi ya ɗauki wata al'ada: ba ya sa dabba a dutse sai ya je ya zauna kusa da ita. Ya taɓa yin damina guda yana bin makwarwa a gonakin zaitun.

Da idonsa ya fara hazo, Abuna Mitri, limamin wani ƙaramin coci a bayan gari, ya ba shi aikin daɓen cocin. Hoton yarinyar nan ta cikin littafinsu mai tsarki yake so, wadda ta shayar da raƙuma goma na bawan Ibrahim a bakin rijiya. Kowa ya san shi ne aikin Jiryis na ƙarshe, kuma idan limamin ya ƙi shi, a ɗakin ajiya zai ƙare.

'Yarsa Wijdan tana wanke wa masu tonon tarihi ƙasusuwa a kwarin Fainan, inda mutanen dā suka narka jan ƙarfe. Ta zo gida hutu, suna cin gurasa da za'atar, garin ganyen ƙamshi, ta gaya masa cewa a ramukansu ƙashin raƙumin gida ba ya bayyana sai a saman ƙasa, ɗaruruwan shekaru bayan zamanin da ake lissafa wa Ibrahim. Can ƙasa jakuna ne da awaki. Ta ce akwai masana da ke musun haka, amma ita abin da hannunta ya wanke ta sani.

"To, malama mai wankin ƙashi," in ji shi, "ƙasa ce ta ce babu, ko ku ne ba ku tona inda yake ba?"

"Baba, kai ma da ka bi makwarwa ai ba ka ce ka ga dukkansu ba."

Ya bi ta zuwa Fainan. Ta ɗora masa ƙashin ƙafar raƙumi guda biyu a tafin hannu. Ɗaya ya yi kauri wajen gaɓa saboda ɗaukar kaya, ɗaya sumul. Na biyun ya fi tsufa nesa, ta ce wataƙila na daji ne da mafarauta suka kashe. Jiryis ya jima yana shafa shi da babban yatsa. Da azahar ya kishingiɗa a inuwar tanti, kwarin yana rawa saboda zafi. Daga baya ya ce bai san ko barci ya yi ba. Ya dai ga raƙuma suna gangarowa daga dutse a hankali, ba mai jan su, kuma ba su san sunan kowa ba.

Ya koma Madaba ya rufe shagonsa har kaka ta wuce. Wijdan ta tambaye shi ko jakuna zai sa. Ya ce jakuna ba za su shanye tulun yarinyar ba.

Ranar da aka ɓare ƙyallen, aka watsa ruwa, launuka suka taso. Ga rijiya, ga yarinya da tulu a kafaɗa, ga bawa tsugune yana kallo. Raƙuman suna zuwa daga hamada, na farko ya sa baki a ruwa, na ƙarshe ɗigo ne kawai a gindin sama. Babu sirdi, babu kaya, babu akala a wuyan ko ɗaya.

Abuna Mitri ya zagaya daɓen yana ƙirgawa da kan sandarsa. Goma cif. Sai ya tsaya.

"Abu Salama, ina akalarsu? Ko duwatsun ne suka ƙare maka?"

"Tana hanya, Abuna. Su ne suka riga ta isowa."

Limamin ya dubi Wijdan, ita kuma ta dubi rufin cocin. Ruwan ya fara bushewa a bayan raƙuman. Sannan limamin ya ce wa masu aiki su matsar da bencin gaba, kada ƙafar bencin ta hau kan ƙaramin raƙumin can na nesa.