Wuƙar Mai Fito da Makunnin Yaya Lawali

Duk gidanmu sun ɗauka tatsuniyar mai fito gargaɗi ce a kan lalaci. Ba su gane ta ba. Ni ma sai bana.

A Adabka, in an gama tuwo, mukan zagaye murhun Kaka Ige, tana tura mana gyaɗa cikin toka mai zafi. Ba na jiran ta ce ga ta nan, sai in ce ta shiga labari kawai.

Wai wani mai fito ne ya gaji da juya goshin jirginsa da gora, sai ya ɗaura wa giwan ruwa igiya. In ya buga ƙafa, kifin ya karkata jirgin zuwa gaɓa. Ran nan kifin ya ƙi tsayawa, ya ja jirgi da mutane tsakiyar gulbi. Mutumin ya zaro wuƙa, igiya ta ƙi yankuwa.

Na ce, "Don mi?"

"Wuƙar yankan farce ce, ja'ira, igiyar ko ta ɗaurin raƙumi. Kuma sai da yat tone kayan mutane kahin shi same ta."

"To wa ya ce ya ajiye ta can?"

"Juya gyaɗarki, tana ƙonewa."

Bana yayana Lawali, mai fito da mata 'yan kasuwa kusa da Gummi, ya sa wa goshin jirginsa ƙaramin inji mai batir don juya shi a mashigi. Makon jiya injin ya ƙi mutuwa, wayar batir ta fara hayaƙi, Innarmu tana cikin jirgin. Da hannu ya fizge wayar, tafinsa ya sale.

Mai gyara ya ce a sa makunnin da ke yanke wutar batir gaba ɗaya. Yaya ya zo da wani ɗan mitsitsi irin na fitilar sola, wai zai ɓoye shi ƙarƙashin benci saboda ruwa. Can ake jibge buhuna.

Na karanta lambar ƙarfin wuta da ke jikinsa, na duba ta injin. Ko rabi bai kai ba.

"Yaya, wannan narkewa zai yi."

"Ke da ba ki taɓa riƙe gora ba?"

"Tafin wa ya ƙone?"

Kaka ba ta taɓa faɗa mana ko mutanen nan sun tsira ba, kuma har yau abin yana cina. Na ƙulle ƙaramin makunnin a haɓar zanena. Gobe zan hau babur zuwa Gummi da lambar injin a takarda, in nemo babba wanda ruwa ba ya shiga, in tsaya a kai har a kafa shi kusa da batir, inda hannu zai kai. Kafin nan Inna ba za ta hau jirgin ba.