Ciyawar Robar Kawu Sale

Duk wanda ya san Kawu Sale a unguwar Hindawiyya ta Makka ya san ɗan yankin ciyawar robar nan da ke hammatarsa. Ɗaurin aure da ita, suna da ita, har layin biredi! Baƙi su ɗauka sallaya ce, alhali goshin ɗan tsako ma ba zai samu wuri a kanta ba.

Ku da kuka manta asalinta, bari in tuna muku. Kawuna ya yi aikin gadi a Jidda, Turawan wajen suka tafi suka bar masa sandunan golf uku. Ya dawo Makka ya zaɓi wani kwari can bayan gari, inda ko raƙumi sai ya yi shawara kafin ya shiga, ya ce nan ne kulob. Ramuka shida, duk gwangwanin tumatir. Tuta kuwa tsofaffin laimomin alhazai ne da ya tsinto a Mina. Da yake ba ciyawa, sai ka shimfiɗa ta roba, ka ɗora ƙwallo, ka buga, ka naɗe abarka ka bi sawu. Mambobi mu uku ne: shi, ni, da Malam Idi mai tasi, wanda aka sa dole saboda motarsa.

Dokokinsa sun fi na filin jirgi yawa. Ka yi tari, ya ce "Mamnu'u!", wato an hana. Ka yi dariya, "Mamnu'u!" Wata rana ƙwallon ta faɗa ramin damo. Kawu ya tsugunna a bakin ramin, rana na soya mu kamar ƙosai.

Na ce, "Kawu, a ɗauko wata mana!"

Ya ce, "Bala, ba ka da kunya? Gidan mutum ta shiga. Sai ya fito mu yi magana."

Wallahi sai da muka kai la'asar. Damo bai fito ba, ni dai na fito da sabuwar fata.

Amma abin da ya tsaya masa a rai guda ne: ya buga ƙwallo sau ɗaya a kan ciyawar gaske, a filinsa. Kusa da rami na shida ya killace wani ɗan wuri da duwatsu, duk Juma'a sai an ɗauko jarkar ruwa a bayan tasin Malam Idi an shayar da shi. Shekara da shekaru, ko tsinke bai fito ba.

Sai ga allo an kafa: za a gina rumbunan kaya a kwarin. Malam Idi ya ce, "Halas, shi ke nan, ya Shaikh, mu haƙura."

Kawu ya ce, "Katafila ta zo ta same ni. Ban buga ba tukuna."

Ikon Allah, a makon aka tafka ruwa, irin wanda ke mayar da titin unguwa kogi. Bayan kwana kaɗan Kawu ya dinga dukan ƙofata kamar gobara: "Ta fito! Yalla, taho, ta fito!" Muka yi ta gudu, tasi na tari. Ga ciyawa kuwa, koriya shar, faɗinta bai wuce faifai ba!

Ya ɗora ƙwallo a hankali. Ya gyara tsayuwa. Ya ɗaga sanda. Muka riƙe numfashi. Can sai ya sauke.

"Kawu, buga mana!"

"Mamnu'u," in ji shi. "Jaririya ce, zan ji mata ciwo."

Malam Idi ya ɗora hannu a ka: "Ruwan da na yi dako ya isa wanke Arfa, kai kuma ka ce jaririya!"

Kawu ya ɗauke ƙwallon, ya shimfiɗa tsohuwar robarsa a gefe, ya buga daga nan. Ko kusa da ramin ba ta je ba, amma har muka iso gida yana murmushi.

Yanzu rumbunan sun rufe kwarin, Kawu kuma ya riga mu gidan gaskiya. Robar tana ɗakina, duk ta siɗe a tsakiya. Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya yafe masa, ya ba shi koren filin da ba ya bushewa, inda zai taka ciyawa ba tare da tsoron ji mata ciwo ba. Amin.